Katifa ta hana mu barci ni da maigida, ku ba ni shawara kafin mu sayi sabuwa

Uwar Biyu:
Slm 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema kuma abin ya dame ni sosai. Shekararmu tara da aure har yanzu katifar kayan ɗakina muke kwana a kai, to ta gaji, tsakiyarta ta lotsa ta yi rami, ko a bakin gado na kwanta sai na farka cikin dare na gan ni na gangaro jikinsa ga zafi ga gumi. Shi Abban yara yana da jiki ya haura kilo 100, ni kuwa ko 60 ban kai ba, kuma shi ciwon baya yake fama da shi, da asuba sai ya dafa bango yake miƙewa. Ya ce shi otofedik zai saya mai tauri kamar dutse. Ni kuma mun taɓa kwana biyu gidan yayarsa a Kaduna a kan irinta, wlh na tashi kafaɗata ta sage ƙuguna kamar an doke ni, don ni a gefe nake kwanciya ba na iya rigingine. Kuɗin mun daɗe muna tarawa, ba na so mu sayi abin da ɗayanmu zai cutu. Ya za mu yi?

Direban Tirela:
Hajiya ki bar shi ya sayi mai taurin. Shekara ashirin ina kan hanyar Kano zuwa Legas, ba abin da ya gyara min baya sai kwanciya a abu mai ƙarfi, wani lokacin ma tabarma nake shimfiɗawa a ƙasa. Laushi shi ke kashe baya. Kwana goma za ki saba.

Maman 'Yan Uku:
A'a Malam, ban yarda da wannan za ki saba ɗin ba. Haka aka ce min ni ma, wata takwas ina jira na saba ban saba ba, ƙarshe ɗakin yara na koma kwana, kuma ka san abin da raba shimfiɗa yake jawowa a gida ko da ba faɗa aka yi ba. Ita ma mutum ce ai, kuma ita ce mai tashi ta yi girki ta yi wanki ta goyi yaro da wannan kafaɗar.

Direban Tirela:
Ban ce ba mutum ba ce Hajiya, amma mai ciwo ai shi ake fara dubawa.

Mai Gashin Ƙashi:
Bari na sa baki don wannan aikina ne, a ɓangaren gashin ƙashi nake kuma kusan kullum sai an yi min tambayar nan. Malam Direba abin da ka faɗa yana yi wa wasu aiki, ban ƙaryata ka ba, amma maganar cewa mai ciwon baya dole sai katifa mafi tauri ba ta tabbata ba. A 2003 an buga wani bincike a mujallar likitoci ta Lancet, a ƙasar Sifen aka yi shi, mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon ƙasan baya, aka raba musu katifu ba tare da an gaya musu wace iri aka ba su ba, wasu mai tauri sosai wasu mai matsakaicin tauri. Bayan kwana 90 waɗanda suka kwana a matsakaiciyar su suka fi samun sauƙi, a kwance da kuma lokacin tashi.

Dalilin ba wani mai wuya ba ne. Jikin mutum ba miƙaƙƙen katako ba ne, kafaɗa da ƙugu sun fi sauran jiki faɗi. In kin kwanta a gefe a kan abu mai tauri, waɗannan wurare biyun su kaɗai ke ɗaukar nauyinki, tsakiyar jikin yana rataye, shi ne za ki ji hannu ya sage kina ta juyi. In kuma ta yi laushi da yawa ƙugun ya nutse, ƙashin baya ya lanƙwashe kamar baka har gari ya waye. Abin da ake so kafaɗa da ƙugu su ɗan shiga ciki, sauran jikin ya samu abin da ya tokare shi.

To ga inda matsalarku take @Uwar Biyu, katifa ɗaya ba iri ɗaya take ji wa mutum biyu ba. Wadda mai kilo 100 zai ce matsakaiciya ce ke mai kilo 50 da wani abu dutse za ki ji ta, saboda nauyinki bai isa ya danna ta ba. Shi ya sa duk wanda ya ce muku sayi kaza ta yi min daɗi, ku tambaye shi nauyinsa da yadda yake kwanciya tukun.

Uwar Biyu:
Allah ya saka da alheri Anti, wlh kamar kin ga yadda nake kwana. To amma akwai wadda za ta yi mana mu duka kuwa?

Mai Shagon Katifa:
Akwai Hajiya. Ni sana'ata ce na gada wajen mahaifina, a nan Sabon Gari muke. Abu na farko da nake so mutane su gane, tauri daban ƙarko daban. Mutum zai shigo shago ya danna katifa da yatsa, in ya ji tauri ya ce wannan ce mai kyau, to ba haka ba ne. Abin da ke nuna ƙarko shi ne densiti, wato nauyin soson a kowace mita ɗaya ta tsawo da faɗi da tsayi. Soso mai ƙaramin densiti iska ce ta fi yawa a cikinsa, yana iya yin tauri ranar da kika saya amma shekara ɗaya a ƙarƙashin mai kilo 100 ya zauna. Ga lissafi mai sauƙi, 6 by 6 mai kaurin inci 10 in densitinta 20 ne za ta yi wajen kilo 18, in 30 ne ta haura kilo 26. Ku ɗaga gefenta ku ji, in yaro ɗan firamare zai iya jan ta shi kaɗai ku bar ta.

Ita otofedik da kuke ji yawanci gutsattsarin soso ne ake haɗawa da gam a matse da inji ya zama dunƙule, in kika ga cikinta za ki ga launi-launi kamar dambu. Tana da nauyi tana da ƙarko gsky, mai jiki ba ya lotsa ta da wuri, amma ita ce wadda ta sage miki kafaɗa. Akwai wadda ake ce wa semi, wato rabin otofedik, a kamfanin katifa na Mouka ita ce Regina cikakkiyar kuma Regal, Vitafoam su ma suna da Galaxy. Ku irinku abin da nake ba da shawara ƙasa mai ƙarfi sama mai laushi, ko dai wadda aka yi haka daga kamfani, ko ku sayi mai ƙarfin ku ɗora mata siririn soso mai kyau inci 2 ko 3 a sama. Shi nauyinsa zai ratsa laushin ya tarar da ƙarfin a ƙasa, ke kuma laushin ya ishe ki.

Amaryar Bana:
Ni tawa inci 20 ce aka saya min, Umma ta ce duk wadda ba ta kai haka ba abin kunya ne ranar jere. Wata biyar kacal wajen da Oga yake kwanciya ya fara faɗawa, kuma ba arha aka saye ta ba.

Mai Shagon Katifa:
Amarya Allah ya sa albarka a auren, amma wannan shi ne abin da ya fi ba ni takaici a kasuwar nan. Masu sayen kayan ɗaki tsayi suke nema da kyan yadi, a shigo a ga gado ya kumbura. Inci 20 na soso marar nauyi bai kai inci 10 na mai nauyi ba, kuɗin da aka zuba a tsayin da an zuba shi a densiti da an huta. Kuma akwai masu zuba garin alli a cikin haɗin soso don ya yi nauyi a hannu, irin wannan in ya kwana biyu sai ki ga yana marmashewa. Akwai kuma masu sa wa soso marar suna rigar babban kamfani. Don haka nauyi kaɗai ma bai isa ba, ku je wajen dila na gaskiya, a ba ku risit da takardar waranti, ku karanta shekara nawa aka rubuta kuma me ya shafa. Kamfanonin nan ba yau suka fara ba, Vitafoam tun 1962 suke, Mouka ma asalinsu a nan Kano aka kafa a 1959, suna da wuraren da za ki kai ƙorafi in takardarki na hannu. Wanda ba risit kuwa sai dai haƙuri.

Hajiya Babba:
Ni na aurar da 'ya'ya mata huɗu kuma duk ni na saya musu katifa, ban taɓa tunanin na tambayi nauyin mijin ba sai yau da nake karanta wannan. Mu a zamaninmu katifar audugar rimi ce, in ta kwanta a farke a shanya a ƙara mata auduga a ɗinke, ba ta da zafi kuma. Saura auta, in Allah ya kai mu kuɗin zan ba su su je su zaɓa da kansu, dangi su faɗi abin da za su faɗa.

Kafinta:
Kafin ku kashe ko sisi @Uwar Biyu ki ɗaga katifar nan ki duba ƙasan gadon. Na sha zuwa gida a ce min katifa ta lalace, ina ɗagawa sai na ga katakon tsakiya ya karye ko kuma tun farko ba a sa ba, faffaɗan gado 6 by 6 an jera masa 'yan sirara guda biyar da tazara kamar taga. Kowace katifa kika ɗora a kan wannan sai ta yi rami. Gado mai faɗi dole a sa masa gungume a tsakiya daga kai zuwa ƙafa da ƙafafunsa har ƙasa, tazarar katakan kuma kar ta wuce yatsu huɗu. In filawud za a shimfiɗa a huda shi don iska ta shiga, in ba haka ba da damina ƙasan katifar zai yi fumfuna.

Sannan ki auna cikin gadon da tef kafin ku tafi kasuwa, ki rubuta a takarda. Ki auna ƙofar ɗaki ma, in bene ne ki duba kwanar matattakala, don otofedik da mai sifirin, wato mai murɗaɗɗun ƙarafa a ciki, ba sa lanƙwasuwa kamar soso.

Ɗan Maraɗi:
Maganar awo gaskiya ce. Mu nan da santimita muke yi, 140 da 190, 160 da 200, 180 da 200. Na sayi gado na waje 180 da 200 na aika Kano aka kawo min 6 by 6, ashe ita inci 75 ce da 72, wato wajen santimita 190 da 183. A faɗi ta ƙi shiga sai da aka danna, a tsawo kuma ta bar rami wajen kai filo yana faɗawa. Duk mai gadon Turkiyya ko na Dubai ya kula da wannan.

Uwar Biyu:
Malam Kafinta na tashi na duba yanzun nan, ni da babbar 'yata muka ɗaga. Wlh katako biyu na tsakiya sun tsage ɗaya ma ya sauka ƙasa gaba ɗaya, kuma babu wannan gungumen da ka ce. Amma ita ma katifar da muka jingine ta a bango ramin yana nan bai tashi ba. Gadon kuma 6 by 4 da rabi ne.

Kafinta:
To kin gani, duka biyun ne. Gyaran gadon ba zai ci kuɗi sosai ba, a fara da shi.

Maman 'Yan Uku:
4 da rabi?? Da mai kilo 100? Haba 'yar uwa ai dole ki gangara. Inci 54 ne fa, in kuka raba kowa inci 27, kamu ɗaya da rabi kenan, kuma na san ƙaramin yana hawowa cikin dare ya shige tsakiya. In ɗakin zai ɗauka ku koma 6 by 6 ko da za ku rage tsayin katifar, faɗi ya fi tsayi amfani nesa ba kusa ba.

Injiniya:
Ni zan kawo wata hanya da ba a cika yi a nan ba amma a Jamus ita ce ruwan dare, na gani da idona lokacin da aka tura mu kwas. Gado ɗaya ne babba amma katifa biyu ce a ciki kowa da tasa. Da na dawo na yi mana haka, 6 by 3 guda biyu masu tsayi ɗaya, tawa mai ƙarfi ta Madam mai ɗan laushi, muka haɗa a gado 6 by 6 muka ɗora siririn soso ɗaya a sama ya rufe tsagar sannan zanin gado. Amfani na biyu da ban yi tsammani ba, in na tashi sallar dare ko na yi juyi ba ta ji ko kaɗan, da kuwa ko tari na yi sai gadon ya girgiza ta farka. Kuma ranar da ɗaya ta mutu ita kaɗai za ka canja, fitar da ita shanya ma mutum ɗaya ya isa.

Direban Tirela:
Injiniya wannan ai raba gado ne da wani suna. Miji da mata katifa biyu?

Injiniya:
Ba raba gado ba ne Malam, gado ɗaya zani ɗaya bargo ɗaya, wanda ya shigo ɗakin ba zai taɓa sani ba. Raba gado shi ne abin da Maman 'Yan Uku ta ba da labari, mace ta kwashi filonta ta koma ɗakin yara don ba ta iya barci. Abin da zan yarda da shi, in gadon ba mai bango a gefe ba ne katifun suna buɗewa a tsakiya, sai an ɗaure su ko a samu gado mai riƙe su.

'Yar Sakkwato:
Ba wanda ya yi maganar zafi, mu kuwa shi ne babbar damuwarmu. Yayana ya kawo mana memori fom, irin wanda in ka danna hannu shatin yake zama ya dawo a hankali, an ce asalinsa hukumar NASA ta Amurka aka yi wa shi a shekarun 1960 don kujerun jirgi. Daɗi kam akwai daɗi da hunturu, kafaɗa ba ta ciwo ko kaɗan. Amma daga Maris zuwa Mayu da zafi ke haura 40 ga ba wuta, kamar ka kwanta a cikin tuwo, yana rungume jiki ya riƙe zafin, har ƙurajen zafi suka feso min a baya. In ba ku da sola ko AC mai tsayawa ku yi tunani sosai. Mai sifirin ta fi shan iska don cikinta fili ne.

Mai Shagon Katifa:
Haka ne, amma sifirin ma iri biyu ne. Akwai wanda duk a haɗe yake da waya, in mai nauyi ya kwanta gefe ɗaya sai ya ja sauran, shi ne gangarowar da Hajiya take gudu, in ya tsufa kuma ga ƙara. Akwai wanda kowane sifirin yana cikin 'yar jakarsa shi kaɗai, wannan shi ya dace da ma'aurata masu bambancin nauyi amma ya fi tsada, kuma in yara masu tsalle a gado ne da ku to ku sani. Sannan dan Allah ku cire leda! Mutane suna barin leda shekara uku wai kar ta yi datti, ledar ce ke ƙara zafi ta tara gumi. Sabuwa in an kawo a cire a jingine ta inda iska ke shiga kwana ɗaya biyu warin ya fita, in don fitsarin yara ne akwai rigar katifa mai hana ruwa shiga ko makintosh a gefen yaron kawai.

Maman 'Yan Uku:
Kuma kar ku yarda da ta hannu komai arharta, kuɗin cizo a ɗinkin gefe yake ɓuya da ƙwansa, in ya shiga gida sai kin yi kuka. Tsohuwar taku ma ku duba gadon da kyau kafin ku ɗora sabuwa.

Mai Gashin Ƙashi:
Zan ƙara abu biyu. Na farko ku je tare, kuma ku kwanta a kai a shagon, ba danna yatsa ba ba zama a baki ba. Na san akwai kunya musamman gare ki, ki sa babban hijabi ki tafi da zani ki shimfiɗa, ku zaɓi lokacin da ba cinkoso. Kowa ya kwanta yadda ya saba kamar minti goma. Shi in ya yi rigingine ki tura tafin hannunki ƙarƙashin ƙugunsa, in ya shige fayau da sarari ta yi masa tauri, in ya ƙi shiga sam ta yi laushi, ana so ya shiga da ɗan matsi. Ke kuma ki kwanta a gefe ya tsaya ta bayanki ya duba daga wuya zuwa ƙugu a miƙe yake ko ya karkace. Sai ku kwanta tare ya yi juyi ki ji ko tana jan ki. Filo ma ki duba, mai kwanciyar gefe tana son wanda zai cike tsakanin kunne da kafaɗa, wani ƙaramin kuma tsakanin gwiwoyi.

Na biyu kuma ya fi muhimmanci, katifa ba magani ba ce. In ciwon nasa yana sauka ƙafa, ko ƙafar tana sagewa ko ta rage ƙarfi, ko ciwon yana tashinsa cikin dare da zazzaɓi ko rama, ya je a duba shi, ga asibitin ƙashi na Dala in kuna Kano. In kuwa fitsari ko bayan gida ya fara kufce masa ko ya ƙi fita, wannan a ranar ake tafiya ba a jira.

Uwar Biyu:
Alhamdulillah bai kai nan ba, in ya ɗan zagaya bayan sallah yana sakinsa. Amma shekara biyu kenan yana shan maganin kemis bai taɓa zuwa an duba ba, zan lallaɓa shi. Matsalar kwanciya a shago ce, na san halinsa zai ce shi da girmansa.

Hajiya Babba:
'Yata ki ba shi wayar ya karanta da kansa, kar ki ce ke kika faɗa. Ki bari sai ya ci abinci ya huta.

Mai Shagon Katifa:
Ki gaya masa alhazai da manyan ma'aikata suna kwanciya a shagona kuma su ne ba sa dawowa da ƙorafi. Duk mai shagon da ya hana ku gwadawa ku wuce na gaba.

Uwar Biyu:
Slm, na dawo da labari tunda kun yi min ƙoƙari. Na yi yadda Hajiya Babba ta ce, ya karanta tun daga sama har ƙasa bai ce komai ba, washegari da kansa ya kira kafinta. Da aka auna ɗakin 6 by 6 zai shiga in an matsar da wadirof, sai muka bayar da tsohon gadon a gyara wa yara aka yi mana sabo marar ado, da gungumen tsakiya da ƙafa uku a ƙarƙashinsa, na tsaya a kai sai da na ƙirga katakan. Ranar Talata da safe muka je shagon ba kowa sai yaron shago, ya fita ya ba mu wuri. Otofedik ɗin da yake so ya fara hawa, na tura hannu ƙarƙashin bayansa ya wuce har wuyan hannu, shi da bakinsa ya ce wannan ba ta taɓa min ƙugu. Mun gwada huɗu. Semi mai inci 10 ita ta yi masa daidai, ni kuma har yanzu ta ɗan yi min ƙarfi a kafaɗa, sai muka ƙara siririn soso inci 2 a sama, kuɗin ya ɗan haura abin da muka tara na cika da na adashena. Na injiniya ya so ya gwada amma ba su da 6 by 3 iri biyu masu tsayi ɗaya a ranar.

Yau kwana goma sha biyu. Ban gangara ba ko sau ɗaya, kafaɗar ta daina sagewa, zafi dai akwai shi kaɗan saboda soson saman sai na sa zanin auduga. Shi bayan bai warke duka ba amma ya daina dafa bango, kuma ya karɓi kati zai ga likita ranar Litinin. Risit da waranti suna cikin jakar takardun makarantar yara. Malam mai shago dan Allah duk wata nawa ake juya ta, kuma da soson saman ake juyawa ko shi daban?

Mai Shagon Katifa:
Masha Allah Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Duk wata uku ki mayar da kai ƙafa, hakan ma zai sa gefensa ya dawo naki nauyin ya rabu. In fuska biyu gare ta ki kifa ta duk wata shida, in fuska ɗaya ce kar ki kifa, ki duba takardar za ki gani. Soson saman shi daban ne, shi kina iya juya shi duk lokacin da kika canja zanin gado tunda ba shi da nauyi, ki riƙa fitar da shi inuwa ya sha iska amma kar ki bar shi a tsakiyar rana.